Murjanin da Jariran Unguwarmu Suka Cinye

A unguwarmu ta Filinge, can bayan kasuwa inda hanya take gangarawa zuwa rijiyoyin fadama, duk wanda aka haifa a zamanina ya ɗanɗani murjani kafin ya ɗanɗani tuwo. Ni ma ina ciki. Ba na iya tunawa, amma an ba ni labari har na haddace, don wadda ta ba ni murjanin ba ta taɓa gajiya da tuna mini irin ihun da na yi mata ba.

Ita ce Gwaggo, yayar mahaifina. Ta yi aure a Damana, ta daɗe a ɗakinta, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da mijin ya rasu, mahaifina ya je da amalanken jaki ya kwaso ta da adakarta, ya gina mata ɗaki dab da zaure, inda duk mai shiga gidan sai ya bi ta ƙofarta. A cikin adakar akwai batta, a cikin battar akwai zaren murjani da ta gada wajen uwarta. Kakansu bafatake ne, a hannun ayarin da ke saukowa daga arewa ya saye shi. Tsofaffi sun ce a da yana zagaye wuya har ya yi saura. Launinsa irin na jan goro ne, kuma ko da rana ta take, in ka taɓa shi za ka ji shi da sanyi.

Gwaggo ba ta sa shi a wuya, aikinsa daban ne. A wajenmu, idan jariri ya fara haƙori, ya kama dalala da ƙin nono da kukan da ba ya jin rarrashi, sai a ce a kai shi a goga masa murjani. Uwa ta goyo shi da hantsi ta yi sallama. Gwaggo ta wanke hannu, ta jawo wani baƙin dutse mai faɗin tafin hannu, ta ɗiga masa ruwan randa, ta zaro ƙwaya guda daga zaren ta yi ta gogawa a hankali har ruwan ya yi kauri, ya koma fari da ɗan ja. Sannan ta lakato da yatsa, ta yi bisimilla, ta murza wa jaririn dasashi sama da ƙasa. Abin da ya rage ya lashe.

Aikin gaba ɗaya bai kai a tafasa ruwan shayi ba. Amma ban taɓa ganin uwar da ta karɓi ɗanta ta tashi nan take ba, don Gwaggo ba ta bayarwa. Sai ta ɗora shi a cinya ta shinshina wuyansa. In namiji ne ta ce maigidanta ya zo ba cefane, in mace ce ta ce ƙawarta ta zo gulma. Uwar kuma ta miƙe ƙafa a tabarma, ta zazzage abin da ke cikinta: uwar miji, ciwon baya, hatsin da ya kusa ƙarewa a rumbu. Ba a biyan Gwaggo komai. Wata ta kawo goro, wata ƙullin kuka, wata ta zo hannu rabbana. Ranar kasuwa har matan Fulani masu tallar nono suna biyowa, daga baya ma har wasu daga cikin matan Mali da suka yi gudun hijira zuwa Abala, waɗanda ba ta jin yarensu, su ma ba sa jin nata.

Ni kuwa tun ina ƴar yarinya haushin abin nake ji, don na riga na sa ido a kan murjanin nan. Ina ganin kaina da shi a wuya ranar aurena. Kowane jariri aka shigo da shi, a idona ɓarawo ne da ya zo ba haƙori yana ci mini gado. Na taɓa faɗa wa Gwaggo haka, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai ni ma na ci rabona tun ban san kaina ba. Ranar da aka kai ni ɗakin miji, duwatsun roba na ƴan koli ne a wuyana. Sun yi mini kyau kuwa, ba wanda ya mutu.

Na yi lakkol, wato makarantar boko, a Filinge, na wuce Yamai, na dawo ina koyar da ilimin halittu a kolej. Tun daga nan Gwaggo ta daina kirana da sunana sai Madam, kamar yadda ƴan lakkol suke yi, amma da wata irin murya da ke nuna har yanzu da majina a hanci take ganina. Kullum in na tashi daga aji sai na biya ta wajenta kafin in wuce gidana.

Wata ranar farkon damina na tarar da ita ita kaɗai, battar tana kan cinyarta.

"Madam, zo ki gani," ta ce.

Ta buɗe. Zaren yana nan a naɗe, amma ƙwaya ɗaya ce ta rage, ita ma ta zaizaye ta gefe guda, ta koma kamar ɓarin wake. Na san murjanin yana raguwa, wa bai sani ba? Amma ban taɓa zaton mun zo nan ba.

"To ai shi ke nan, Gwaggo, kin huta," na ce. Bakina ya saba riga kaina fita.

Ta dube ni ta ce:

"In huta da mi? Ke kina da ɗiyanki, kina da ɗiyan lakkol. Ni ban haihu ba. Ɗiyan mutane na ka shigo min ɗaki, kuma don abinga su ka zuwa. Ran da yaƙ ƙare, wa za shi ɗaga min asabari? Tsoro ni ka ji, Madam. Ba mutuwa ni ka tsoro ba, zama ni ɗai."

Ban taɓa jin Gwaggo ta ambaci rashin haihuwarta da bakinta ba sai ranar. Tausayinta ya kama ni har na kasa haɗa ido da ita. Na ce ta kwantar da hankalinta, in dai murjani ne, ko ina yake zan nemo mata shi.

Na fara da kasuwarmu, ƴan koli suka ce sai Baleyara. Ranar kasuwar Baleyara na shiga mota, ni da raguna da buhunan wake, na sauka ina warin bunsuru. A layin ƴan koli na samu wani Bazabarme mai fara'a, ya tarbe ni da "fofo, fofo" kamar ya ga ƴar'uwarsa da ta ɓace. Ya fito da zare ja jawur, ya rantse daga Makka aka kawo shi, ya ce irinsa matan sarakuna suke sawa. Na saya ina jin kaina, na komo Filinge kamar wadda ta ci yaƙi.

Gwaggo ta karɓa ta juya shi a hannu. Ta ɗiga ruwa a dutse ta goga. Nan take ruwan ya yi ja kamar soɓorodo, ƙwayar kuma ta koma fara fat. Rini ne aka yi wa wani abu mai kama da ƙashi.

"Madam," ta ce, "wanga ko ɗan akuya ba ni shafa ma."

Ta yi ta dariya, ni kuwa raina ya ɓaci har ina jin kunnuwana suna zafi. Na rantse sai na koma Baleyara na watsa wa mutumin nan kayansa a gaban jama'a. Ta ce in zauna in sha ruwa, wataƙila shi ma haka aka sayar masa. Ban koma ba, amma har yau in na bi ta Baleyara sai na harari layin ƴan koli ta tagar mota.

Da aka yi hutu na tafi Yamai. A babbar kasuwa aka nuna mini wani tsoho da ya tsufa a cikin duwatsun wuya. Da na faɗa masa abin da nake nema, ya buɗe wani ƙyalle ya nuna mini ƴan ƙwayoyi ƙanana. Da taɓawa na gane su, sanyin nan ne na battar Gwaggo. Ya ce na gaske ne, sabon shigowa, amma in lura da ƙanƙantarsu. Manya irin na da sun daina zuwa, in ka ga babba a yanzu to daga wuyan wata tsohuwa da ta rasu aka ciro shi. Bayan abin da ya same ni a Baleyara ban yarda da idona ba, sai na ɗauki hotonsu a talho, wato wayar hannu, na ce masa zan dawo.

Gwaggo ta ƙura wa hoton ido ta ce shi ne. Sai ta yi mini tambayar da ban taɓa jin ta yi ba duk tsawon shekarun nan.

"Wai wane dutsi na a ka haƙo shi?"

Na ce ba a dutse ake haƙo shi ba, a teku yake, kuma yana da rai. Ta ce in daina yi mata wasan ƴan lakkol. Sai na nemo mata hoto mai motsi a talho, na zauna kusa da ita a tabarma, muka haɗa kai.

Ga shi nan a ƙarƙashin ruwa, manne da dutse, yana da rassa kamar ƙaramin icce ja. A jikin rassan wasu fararen abubuwa ƙanana suna buɗewa suna rufewa. Na gaya mata waɗannan fararen su ne masu rai, ƴan mitsi-mitsin halittu ne da ke zaune gida guda, jan kuma shi ne ƙashin da suke ginawa tare, kaɗan-kaɗan. Shekara takan wuce bai ƙara kaurin da ido zai gani ba. Reshen da za a fitar da ƙwaya irin tata, sai ya girmi wanda ya karyo shi. Na gaya mata a da ƙarfe ake ja a ƙasan teku yana kakkarya komai, har wurare da yawa suka zama fili, shi ya sa manyan suka daina zuwa kasuwa.

Ta ce in sake kunna mata. Na sake. Da fararen nan suka buɗe, ta kai yatsa ta taɓa gilashin talhon a hankali.

"Ashe ɗiya na gare shi," ta ce.

Don in faranta mata, na ƙara da cewa a wasu ƙasashe likitoci ma suna cike ƙashin da ya lalace da wani irin murjani, don kayan da Allah ya gina shi da su sun yi kusa da na ƙashi da haƙori. Ta gyara zama ta ce ashe ba ita kaɗai ba ce, ta riga su ma. Na ce amma yanzu masu hankali a cikinsu sun rage karyowa daga teku. Wasu suna renonsa a manyan kwatarniyoyin ruwa, wasu suna haɗa kwatankwacinsa, wasu kuma suna dasa ƴan rassa a wuraren da suka mutu, kamar yadda ake dashen icce. Wannan ya yi mata daɗi ƙwarai, ta yi ta sa musu albarka, mutanen da ba ta san sunan ƙasarsu ba.

Sai na ce to gobe zan aika a sayo mata na Yamai.

"A'a," ta ce.

Na zaci ban ji daidai ba.

"Ubanki ko ɗan gawo yat tsiro cikin gona ba shi sare shi, sai shi kewaye shi da garma shi wuce. Wanga ya hi gawo nawar girma. Ƙananan da kig gani Yamai, ba a bari sunka girma ba. In na saye, gobe sai a koma a karyo wani. Don hauren jinjiri? Haure da ka hita shi hwaɗi kahin yaro shi shiga lakkol? Kar a karyo min komi."

Na yi mata faɗa sosai. Na ce ƙwaya uku ko huɗu da za ta saya ba su za su ƙarar da teku ba. Na tuna mata abin da ta faɗa mini da bakinta ranar da ta buɗe mini batta. Ta ce ta sani, ba ta manta ba, kuma tsoron yana nan inda yake. Amma ta ga abin yana numfashi, ba za ta iya goga shi a dutse da hannunta kamar da ba. Gwaggo in ta kafe, gara ka je ka roƙi katanga.

Na kwana biyu ina juya maganar. Dabarar ta zo mini ne a kasuwa, ina tsaye gaban wata mata da ta kawo ƙwan zabi cike da ƙwarya, don da damina zabi suke zuba ƙwai a ƙasarmu ta Kurfai har a rasa yadda za a yi da shi. Na tuna abin da nake nuna wa ƴan aji duk shekara. Na sayi ƙwan da lemun tsami na nufi ɗakin Gwaggo.

Na dafa ƙwai, muka cinye, na daka ɓawon ya yi laushi na zuba a gefen dutsenta. Na roƙe ta ta goga ƙwayar murjanin sau ɗaya tak a ɗaya gefen. Ta yi, tana tsaki. Na matsa lemu a kan kowanne. Dukansu biyu suka kama fitar da ƴan kumfa ƙanana. Idonta ya yi rauni, ba ta gani sosai, sai ta sunkuya ta kara kunne a dutsen, ta saurari wannan, ta saurari wancan.

"Magana guda su ka yi," ta ce.

Na ce ai abu guda ne, abin da murjani yake gina ƙashinsa da shi, da shi zabuwa take gina ɓawon ƙwanta. Ta ɗaga kai ta ce wato shekara da shekaru maganin yana kan juji kaji suna tono, ita tana nan tana cinye gadon uwarta. Na ce haka ne. Ta ce to Allah ya isa tsakaninta da zabi da ba su taɓa faɗa mata ba.

Ban tsaya nan ba, na je likita, wato asibiti, wajen ungozoma, ƙawata ce tun muna ƴan lakkol. Ta saurare ni tana murmushi. Ta ce haƙori dai da kansa yake fitowa, ko an goga ko ba a goga ba, kuma murzawar yatsa mai tsabta da ruwan sanyi su ne suke kwantar da ƙaiƙayin. In dai sai an shafa wani abu, to a tafasa ɓawon sosai, a niƙa shi ya yi laushi kamar kwalli, a lakata ɗan kaɗan. Amma yaron da ke masassara ko zawo, kada a ce haƙori ne a zauna, a kawo mata shi. Na kai wa Gwaggo saƙon duka, ta ce ta ji ta yarda.

Ba a daɗe ba aka yi suna a maƙwabta. Mata sun cika gida, ana ta tuƙin tuwo, sai Gwaggo ta sa aka yi shiru. Ta ce murjani ya ƙare, saura ƙwaya guda, kuma ta yi masa ritaya kamar tsohon ma'aikaci. Ta fito da ɓawon ƙwan zabi ta nuna musu komai: yadda ake tafasawa, yadda ake niƙawa, yawan da za a lakata, da lokacin da za a bar shafe-shafe a nufi likita. Ba ta rage ko kaɗan ba.

Wasu suka yi na'am, wasu suka taɓe baki. Akwai wata yarinya, matar telan bakin kasuwa, mai ɗan fari a goye wanda ya fara dalala a lokacin. Bakinta ya fi almakashin mijinta kaifi. Ta ce da ƙarfi, don kowa ya ji:

"Ɗiyan wasu sun sha murjani, namu na anka ga dama a ba ɓawon ƙwai."

Na yunƙura zan ba ta amsa, kuma da na ba ta da ba ta manta ba. Gwaggo ta danne mini gwiwa da hannu.

A hanyar komawa gida ne abin ya faɗo mini. Na tsaya cak a tsakiyar lungu. Murjani a ɗakin Gwaggo kaɗai yake a duk unguwar, ɓawon ƙwai kuwa babu gidan da babu shi. Dabarar da na yi ta murna da ita ta ceci ƙwayar murjani, amma ta cire dalilin da zai sa wata uwa ta goyo ɗanta ta zo.

"Gwaggo," na ce, "da kin ɓoye yadda ake haɗawa. Da kin ce sai a hannunki."

"In ɓoye ɓawon ƙwai?" ta ce. "Ke dai Madam. Ai tun ran lemu nis san hakanga za a yi."

Ta ci gaba da tafiya tana dogara sandarta, ni ina biye da ita kamar wadda aka kora daga aji.

Haka kuwa aka yi, ƙafa ta ɗauke. Damina ta yi kyau a shekarar, hatsi ya yi tsawo har ya rufe hanyar fadama, kowa yana gona. In na bi ta lungu nakan ji ana niƙa wani abu a bayan darni, in ce a raina ga shi nan, sun koya sun watsar da mai koyarwa. Na ji haushin matan unguwarmu ba kaɗan ba. Wasu na daina amsa gaisuwarsu da kyau, su kuwa ba su ma san laifin da suka yi ba.

Gwaggo ba ta canza komai ba. Da safe ta share ƙofar ɗaki, ta shimfiɗa tabarmar baƙi, ta wanke dutsen ta kife shi, ta zauna. Ƙwayar da ta rage ta sa mata sabon zare ta rataya a wuya, karo na farko da na ga murjani a jikinta. Ta ce daga yau na sawa ne, wanda ya gaje shi ya sa ya ba na baya, haka sai ya daɗe bai ƙare ba. Amma ta rage magana, ta rage cin tuwo, in an yi sallama a zaure sai ta ɗaga kai da sauri, in ta ji mai neman mahaifina ne ta mayar da kai. Na kwaso mata nawa ƴaƴan, to amma ƙaraminsu ma haƙoransa sun cika baki, rake yake sha. Suka zauna kaɗan suka gudu wasa.

Na sake yi mata tayin na Yamai. Na ce ba wanda zai sani, tekun ma ba zai sani ba. Ta ce ita za ta sani.

Kaka ta shigo, aka fara yankan hatsi, amalanke suna ta wucewa da dammuna. Wata safiya da babu lakkol ina ɗakinta muna ɓarar wake, sai muka ji sallama a bakin ƙofa. Aka ɗaga asabari. Matar tela ce, da ɗanta a goye.

Na haɗe rai tun kafin ta zauna. Gwaggo ta amsa mata da fara'a, amma na ga hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar wake.

"Ɗiyata, in murjani na, kin san na bari," ta ce.

"Ba shi na ba, Inna."

"Ɓawon ƙwai kika so? Akwai niƙaƙƙe."

"Na yi mai da kaina, kamar yadda kin ka gwada muna."

"To masassara shi kai? In masassara ta, likita za ki."

"Lahiya lau shi ke, Inna."

Ta kwance goyon, ta juyo da yaron, ƙato mai kumatu, ta durƙusa ta ɗora shi a cinyar Gwaggo. Duk kaifin bakin nan nata ya tafi, sai wani murmushi take yi kamar yarinyar da ta zo da sabon lalle.

"Sun hito," ta ce. "Biyu ƙasa, na bisa ma sun leƙo. Jiya nig gani. Uwata ta rasu, uwar mijina tana Abala. Na rasa wanda zan gwada ma, sai nic ce wa za ni kai ma in ba Inna ba."

Gwaggo ta ture ƙwaryar waken gefe. Ta goge hannu a zani, ta tsoma shi a ƙoƙon ruwa ta wanke, ta ɗaga haɓar yaron. Idonta ba zai iya ganin abu ƙarami haka ba, sai ta sa yatsa a bakinsa tana lalube.

Yaron nan ya damƙe yatsar da sababbin haƙoransa da iyakar ƙarfinsa.

"Wayyo! Maigida, cizo daga zuwa?" ta ce.

Uwar ta zabura za ta ɓamɓare shi, tana ba da haƙuri. Gwaggo ta tare ta da ɗaya hannun. Hawaye suna bin kuncinta suna ɗiga a kan yaron, tana dariya, shi kuma yana ƙara dannawa. Na san da zafi, don na ga yadda ta runtse ido, amma ba ta cire yatsar ba.